An Katse wa Ciwon Daji Sabis

Musa ɗan Malam Maharazu na unguwar Kabara ba shi da wata sana'a sai baki. Tun da soja suka koma bariki aka buɗe kasuwar siyasa, ya jingine keken ɗinkin da mahaifinsa ya saya masa, ya shiga sahun sojojin baka, masu zuwa gidan rediyo da yamma su yabi wanda ya ba su na mai, su yagi wanda bai bayar ba. A shekara takwas ya yi iyayen gida huɗu. Na biyar, wanda yake yi wa aiki a zaɓen dubu biyu da bakwai, shi ne Alhaji Isiyaku Mailafiya, ɗan majalisar tarayya mai neman komawa karo na biyu.

Yabon Alhaji Isiyaku aiki ne mai wuya. A shekara huɗun da ya yi a Abuja sau ɗaya aka ji muryarsa a majalisa, ranar da ya roƙi a rage sanyin ɗakin. A mazaɓarsa kuwa abin nunawa kwalbati ɗaya ce a bayan Ƙofar Ɗan Agundi, ita ma ruwan damina ya tafi da rabinta. Musa ya yabi kwalbatin nan har ta gaji. Ya kira ta gada, ya kira ta gadar zamani, wata rana ma ya ce injiniyoyi daga Jamus sun zo kallonta.

Ana cikin haka ƙanwarsa Luba ta dawo hutu daga Ingila. Likita ce, a nan gida ta yi karatun likitanci, sannan ta ci jarrabawar da ta ba ta gurbin ƙaro ilimi a can, ta shekara bakwai tana bincike a kan ciwon daji na baki da hanci da maƙogwaro. Kwananta uku da sauka, bayan la'asar, Malam Maharazu ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce ta zauna ta gaya masa ainihin aikinta. A masallaci ana tambayarsa a wane asibiti 'yarsa take, shi kuma ya gaji da cewa Allah ne masani.

Luba ta ce, “Baba, jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da wasu abubuwa a bayanta kamar kunnuwa, da su take karɓar saƙo, ko ta rabu biyu ko ta dakata. In saƙon ya shiga, sai a yi ta miƙa shi hannu da hannu a cikin ƙwayar har ya kai tsakiyarta. To a ciwon daji kunnuwan sukan yi yawa, ko kuma wani ɗan aike a tsakiyar hanya ya ruɗe, ya yi ta cewa a rabu, a rabu, alhali ba wanda ya aiko shi. Da haka ƙari yake fitowa.”

Malam Maharazu, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare, ya ce to ai sai a toshe kunnen. Ta yi dariya ta ce haka ake ƙoƙarin yi. Akwai ma wani magani da aka fara amfani da shi bara, ana ba da shi ta ƙarin ruwa tare da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, amma ba ita ta haɗa shi ba, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Ciwon yakan yi halin ɗan cikin gari, ka tare masa lungu ya ɓulla ta wani. Aikinta shi ne gano wannan lungun na biyu. Da ya tambaye ta ko ta gano, sai ta ce tana zaton ta ga guda ɗaya, amma har yanzu a kwanon gwaji ne da jikin ɓeraye.

Malam ya sa mata albarka. Daga fuskarsa dai ka san ba zai kai maganar ɓeraye masallaci ba.

Duk wannan bayani Musa yana bakin ƙofa yana cin dambu, yana ɗaga wayarsa sama yana neman sabis. Abu uku ya kama a ciki: saƙo, toshewa, magani.

Washegari da yamma a gidan rediyo aka haɗa shi da Sule, sojan bakan abokin hamayyarsu. Sule ya lissafa rijiyoyin burtsatsen da maigidansa ya haƙa, unguwa bayan unguwa, sannan ya ce ya samu labari jiya wata akuya ta tsallake gadar Mailafiya ba tare da ta san ta tsallake ba. Har mai gabatar da shirin sai da ya yi dariya. Aka miƙa wa Musa abin magana. Ya laluba kansa bai samu komai ba sai dambun jiya da abin da ya ji yana ci.

Ya ce, “Ku kuna haƙa rijiya, mu muna haƙa ilimi. Jama'ar Kano ku saurara. Onarabul Mailafiya ya ɗauki 'yar talaka daga Kabara ya kai ta Ingila, ga ta ta dawo da maganin ciwon daji. Kun san waya ba ta aiki in babu sabis. To haka ciwon nan yake, kuma Dakta Luba ta katse masa sabis. Ba yanka, ba ɗinki.”

Alhaji Isiyaku bai taɓa jin sunan Luba ba kafin wannan yammacin. Tikitin jirginta ma sai da Malam Maharazu ya rabu da gonarsa ta gado aka saye shi.

Da Malam ya dawo daga masallaci da safe ya tarar zaurensa cike. Kafin hantsi layi ya fita daga lungu ya kai titi. Akwai masu maƙoƙo, da masu ciwon haƙori, da mata masu goyon yara masu hangum, da wani dattijo daga Gaya da ya jawo ragonsa mai kumburin muƙamuƙi. Mai shayin bakin titi ya ɗauko teburinsa ya dawo ƙofar gidan.

A bakin wata mata Luba ta ji abin da rediyo ta ce ta yi. Ta shiga ta sami yayanta a ɗakinsa ya lulluɓa da zani a cikin zafin nan kamar mai zazzaɓi. Abin da ta gaya masa maƙwabta sun ji, sun kuma yi mamaki, don sun zaci zaman Turai ya rage mata Hausa. Musa ya ce ai tallata ta ya yi, wasu biya suke a yi musu. Malam Maharazu bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Na ba ka keke ka ƙi, ka zaɓi baki. An ce baki shi ke yanka wuya. Kai kuma wuyan mutane kake yankawa, naka yana nan lafiya.”

Luba ta fita ta tsaya a dakalin ƙofar gida ta gaya wa jama'a gaskiya, cewa ba ta da wani magani, bincike take yi, kuma ba a gama ba. Wasu suka ce tawali'u ne irin na masu ilimi. Wasu suka ce an ɓoye ne don masu kuɗi. Wani ya ce ya ji sai da katin jam'iyya, nan take mutum goma suka zaro nasu suka ɗaga. Ba wanda ya bar layi.

Da ta ga haka sai ta sa aka kawo mata kujera da tocila da ruwan wanke hannu, ta zauna a zaure. Kwana uku tana leƙa baki, tana shafa wuya. Yawancinsu abin da ke damunsu ba na tashin hankali ba ne, ta gaya musu inda za su je. Mai rago ta tura shi asibitin dabbobi, ya tafi yana cewa ko a Turai ma ashe akwai wariya. Mutum goma sha ɗaya ne abin nasu ya tsaya mata a rai, ta rubuta musu takarda zuwa ga wani abokin karatunta a sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

Ta goma sha ɗayan ba ta bi layi ba. 'Yardada ce, mai alkaki ta lungun bayansu, aminiyar marigayiya mahaifiyarsu, wadda ta riƙa yi wa Luba wanka tana jaririya. Ta shigo cikin gida rana ta uku da kwanon alkaki, ta zauna ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi sanyin Ingila, ta tambayi ko ana samun gero a can. Sai da ta ga ba kowa a kusa sannan ta sauke mayafinta. A ƙasan kunnenta na hagu akwai ƙari kamar ƙwan agwagwa, mai tauri, ba ya motsi. Ta ce kunnen ya daina ji, haɓo kuma yakan zo mata ba dalili. Wata tara ke nan. Wanzami ya yi mata ƙaho sau biyu, ta sha saiwoyi har ta daina ƙirga su, wani ma ya ce mata jifa ne daga masu alkakin Ƙofar Nassarawa.

Luba ta tambaye ta me ya hana ta zuwa asibiti.

'Yardada ta ce, “Wuƙa, 'yar nan. Mijina da wuƙa ya shiga asibiti, a makara ya fito. Da ban ji Musa ya ce ba yanka ba ɗinki ba, da ko 'yata Hassana ba za ta gani ba.”

Kwana uku Luba tana tsine wa ƙaryar yayanta, ga shi ƙaryar ce ta cire mayafin da gaskiya ta kasa cirewa wata tara. Ta gaya wa 'Yardada cewa ita ba ta da maganin, amma da kanta za ta kai ta asibiti gobe, kuma ɗan abin da za a tsinka don gwaji bai kai ƙwayar masara ba.

A ranar ne kuma Alhaji Isiyaku ya iso, da jiniya da motoci shida da mai ɗaukar hoto. Motocin suka kasa shiga lungu, ya tako da ƙafa yana ɗage babbar riga daga kwata. Ya riƙe hannun Malam Maharazu da hannu biyu ya kira shi yayansa. Ya dubi Luba ya ce, “'Yata Hafsatu, kin fitar da ni kunya.” Aka raɗa masa sunan, ya ce ai shi tun tana ƙarama Hafsatu yake kiranta. Ya yi bayani wa 'yan jarida cewa tun ranar da ya shiga majalisa ciwon daji yake hana shi barci, shi ya sa ba a yawan jin maganarsa, tunani yake. Kafin ya tafi ya gayyace ta babban taron da zai yi a filin kusa da Ƙofar Nassarawa. Ta ce ba za ta je ba. Ya yi dariya ya ce kunya adon mace.

Kafin mako ya zagayo fosta ta cika ganuwa, hotonsa a sama, nata a ƙasa, wanda Musa ya zare daga bangon ɗakin mahaifinsu. An rubuta da manyan baƙaƙe: Mailafiya Maganin Daji.

Bayan kwana goma sakamako ya fito. Cikin goma sha ɗayan, shida ciwon daji ne. Na 'Yardada a bayan hanci ya fara, ya sauko wuya. Likitan ya ce irin wannan ba a yi masa aiki da wuƙa, gashi ake yi, mako bakwai, kuma injin yana Zariya. Ya ce in an fara da wuri akwai fata. Cikin shidan nan ba wanda yake da halin zaman mako bakwai a wani gari, balle kuɗin gashi da magani.

Luba ta dawo gida dab da magariba. Sannan ta kira Musa ta ce, “Yaya, ka gaya wa maigidanka zan zo taron.” Musa ya yi murna har ya manta bai tambayi dalili ba. Ita kuwa ta bi mutanen shida gida gida, ta gaya musu abin da take son yi, ta nemi izininsu. Duk suka yarda. 'Yardada ta ce a karanta sunanta sau biyu, ko Alhaji ma kunnensa ɗaya ne yake ji.

Ranar taro fili ya cika, ana watsawa kai tsaye a rediyo. Aka yi kiɗa, aka yi kirari, aka jefa huluna da atamfa daga kan mota mutane suna kokawa. Daga nan aka miƙa wa Luba abin magana. Ta yi sallama, ta ce, “Ban gano maganin ciwon daji ba.” Jama'a suka amsa da sai Mailafiya. Ta sake faɗa a hankali, ta ƙara da cewa duk mai ƙari a wuya, ko gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ko murya da ta dishe fiye da wata guda, ya tafi asibiti kada ya jira kowa. Makaɗa suka ɗauka ta gama, suka buga ganga.

Sai ta zaro takarda daga jakarta. Ta karanta sunaye shida da unguwanninsu, na 'Yardada sau biyu. Ta ce waɗannan bayin Allah suna bukatar gashi a Zariya, kuma tana farin cikin sanar da jama'ar Kano cewa Onarabul ya ɗauki nauyin motarsu da masaukinsu da maganinsu har a gama. Ta juya ta miƙa masa abin maganar dab da bakinsa.

“Ko ba haka ba, ranka ya daɗe?”

Alhaji Isiyaku ya yi murmushin wanda ƙayar kifi ta tsaya wa a wuya a gaban surukai. Ya dubi taron, ya dubi na'urar rediyo, ya ce, “Haka ne, 'yata.” Fili ya ɗauki sowa. Sauran mako biyar zaɓe.

A mota ya wanke Musa tas. Ya ce an gaya masa likita ce, ba a gaya masa 'yar siyasa ba ce. Amma maganar ta riga ta fita, Sule kuma ya yi alkawari a rediyo zai riƙa tsayawa a bakin titi kowace Litinin don ya ga motar da idonsa. Dole aka ware bas ɗaya daga motocin kamfen, aka kama ɗakuna biyu a Zariya.

Hutun Luba ya ƙare a makon da aka fara gashin. Kafin ta tafi Malam Maharazu ya yanke hukunci: tunda bakin Musa ne ya tara mutanen nan, ƙafarsa ce za ta raka su. Ya tafi da su Litinin, ya dawo da su Juma'a, rediyo kuma ya yi ta Asabar da Lahadi in yana da sauran numfashi.

Musa ya zaci yawon buɗe ido ne. Makon farko yana zaune a benci yana ba majinyata labarin siyasa. Mako na uku bakin 'Yardada ya yi miki, fatar wuyanta ta yi baƙi tana saɓulewa, ko tuwo mai laushi ba ya wucewa. Hassana tana da jariri ba ta iya kwana a can, don haka Musa ne ya koyi dama kunu ya tace shi sau biyu, ya jira ya huce, ya riƙa ba ta da cokali tana zaginsa a kan ya cika tsami. Ya ga mutanen da suka zo daga Sakkwato da Maiduguri suna kwana a barandar asibiti suna jiran layi. Wata rana ya tari likitan da ke duba su ya tambaye shi maganin nan mai toshe kunnen ƙwaya, ko za a sa wa Inna 'Yardada. Likitan ya ce ya karanta labarinsa a mujallu, amma bai taɓa riƙe kwalbarsa ba, kuma abin da mutum ɗaya zai sha ya fi kuɗin gida a cikin gari. Musa, wanda bai taɓa rasa amsa ba tun da aka ƙirƙiri rediyo mai zaman kanta, ya ce to, ya koma benci.

Aka yi zaɓe ranar Asabar. Alhaji Isiyaku ya ci, da ƙuri'un da suka ba kowa mamaki har shi kansa. Ranar Litinin majinyata suka fito bakin titi da ƙullin kayansu tun da sassafe, rana ta take, bas ba ta zo ba. Sauran mako biyu a gama gashin, kuma likita ya sha gaya musu cewa in aka yi tsallake ciwon yakan farfaɗo. Musa ya kira direban, ya ce an karɓi makulli tun jiya, an ba ƙanin matar Alhaji motar zai fara jigilar Legas.

Musa ya hau acaɓa ya tafi gidan Alhaji. Maigadin da suka ci shinkafa a faranti ɗaya ranar Juma'a ya leƙo ta ƙaramar taga ya tambaye shi wa yake nema, daga ina. Ya ce Onarabul ya tafi Umara ya gode wa Allah. Ranar dai a motar haya suka tafi daga tashar Unguwa Uku, Malam Maharazu da limamin unguwa suka haɗa abin da ya kai su.

Musa ya sauke su a Zariya ya juyo a ranar. Bai je gida ba, ya zarce ofishin ɗan takarar da aka kayar, wanda ya riga ya shigar da ƙara kotun zaɓe yana neman duk wanda zai taya shi ihu. Da yamma masu sauraro suka ji muryar da suka saba ji tana yabon Mailafiya ta ce yau kwana ɗaya ke nan da aka yasar da majinyata shida a bakin titi. Ya kira sunayensu. Ya kwatanta wuyan 'Yardada yadda ya gan shi, wannan karon bai ƙara ko gishiri ba, don abin bai bukata. Ya ce gadar da ake magana kwalbati ce, shi ya fi kowa sani, shi ya gina ta da bakinsa. Washegari ya ce yau kwana biyu. Mutane suka fara kira suna tofa albarkacin bakinsu, lauyoyin Alhaji suka kira shi a Makka suka ce wannan ba lokacin da za a tara maƙiya ba ne.

Ranar Juma'a bas ta je Zariya ta ɗauko su, da sanarwa cewa dama gyara aka kai ta, kuma Onarabul ya yi baƙin cikin yadda 'yan adawa suke siyasa da lafiyar talakawa.

Sabon maigidan ya ba Musa babur. Mutanen Kabara sun yi ta gardama a kan ko don 'Yardada ya sauya sheƙa ko don babur. Da aka tambaye shi ya ce mutum yana iya sallah kuma ya sha inuwar masallaci. Sule kuwa, da ya ga an cika masa wuri, sai ya koma wajen Alhaji Isiyaku, inda ya gano cewa kwalbatin nan gada ce.

Cikin shidan, huɗu suka gama gashin. Ɗaya ya rasu a mako na shida, ɗaya kuma da bakinsa ya yi miki ya gudu ƙauyensu, ba a sake jin labarinsa ba. Ƙarin 'Yardada ya sace har ya ɓace. Sai dai yawunta ya ƙafe, ba ta rabuwa da butar ruwa, harshenta kuma ya daina bambanta zuma da ruwan kanwa. Ta koma sana'arta, Hassana ce take ɗanɗana mata.

Da damina ta yi nisa Luba tana wurin aiki aka kira ta a waya. Alhaji Isiyaku ne, yana Landan, muryarsa ta dishe mako biyu, ya tabbata ciwon ne. Wannan karon ya tuna sunanta daidai. Ta haɗa shi da likitan maƙogwaro, aka zura masa na'ura aka duba, aka ce ba komai sai ƙwannafi da yawan cin nama da dare. Bai gamsu ba. Ya ce tunda ya riga ya zo, a ɗaura masa maganin nan mai katse sabis don rigakafi, ko nawa ne. Luba ta ce ba a ba mai lafiya, kuma yakan fesa wa mutum ƙuraje a fuska kamar ɗan shekara sha biyar. Da ya ji maganar fuska sai ya ce a bar shi, akwai hotunan da zai ɗauka.

Ya dawo Kano da maganin ƙwannafi a aljihu. Sule ya sanar a rediyo cewa Onarabul ya yi fama da ciwon daji a ɓoye don kada hankalin talakawa ya tashi, Allah kuma ya tashi kafaɗunsa, za a yi walimar godiya ranar Asabar. Matan gidan suka aika Kabara a yi musu alkaki kwarya goma, don duk cikin gari ba wanda ya kai na 'Yardada.

Ta karɓi aikin. Ranar da za a yi, Hassana ta zo za ta ɗanɗana kamar kullum, uwar ta ce ta je ta huta, wannan da hannunta za ta yi. Alkakin ya fito ba zuma ba sukari, ga tauri kamar tubali. Manyan baƙi suka yi ta gwagwiya suna kallon juna, ba mai son ya fara kushe abin gidan Onarabul a ranar da ya tsallake mutuwa. Wani tsohon kwamishina ya bar haƙorinsa na roba a ciki, ya naɗe a hankici ya sa a aljihu.

Da aka aiko ana ƙorafi, 'Yardada ta kurɓi ruwa daga butarta ta ce a ba Alhaji haƙuri, ita mai jinya ce, shi ma kuma tunda ya yi ciwon ya san yadda yake ɗauke ɗanɗano.